Akwatin Haɗa Kwamfutoci: Wanne Za Mu Saya?

'Yan'uwa manoma, wata ƙungiyarmu a nan Gyallesu ta nemi shawara kafin ta taɓa kuɗin asusu. Ga bayani domin kowa.

Masu sayarwa suna kiran akwatin nan suwic. Yana da ramuka 8, 16, 24 ko 48. Kowace kwamfuta tana shiga rami ɗaya da wayarta, shi kuwa yana kai saƙo ga mai shi kaɗai, kamar mai lambu a bakin Kubanni da ke buɗe wa fangali ɗaya ruwa, ya toshe saura.

Iri biyu ne. Na farko jonawa kawai ake yi. Na biyu ana sarrafa shi: a ware kwamfutar ma'aji daga ta baƙi, a rufe rami, a gane wayar da ta lalace. Amma ya fi tsada, kuma sai da gwani.

In kwamfutocinku uku ne ko huɗu, na farko ya isa. In baƙi suna amfani da layin da lissafin taki da bashi yake bi, ku sayi na biyu. Kada tsawon waya ya wuce mita 100. Kuɗin ƙungiya amana ne.