Kafin A Aika Da Kamshaf Daga Ladipo Zuwa Khaddamari

A ranar 10 ga watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwan kogin Ngadda ya malalo cikin birnin Maiduguri da ƙasar Jere, watau ƙaramar hukumar da Khaddamari ke hedkwatarta. Rabon mutanen Barno da ganin irin wannan ambaliya tun 1994. Ban da rayuka da gidaje da amfanin gona da aka rasa, motoci masu yawa sun kwana cikin ruwa, wasu ma rufinsu kaɗai ake hange. Mota kuwa a wannan yanki ba kayan ado ba ce. Ita ce ke kwaso shinkafar fadamar Jere daga Zabarmari da Khaddamari zuwa kasuwannin Yerwa, ita ce kuma ke ciyar da direba da yaron mota da iyalinsu. Da ruwa ya janye, sai aiki ya koma hannun kanikawa.

To, kayan gyaran mota mafi yawa daga kudu suke hawa. Saboda haka ɗan Arewa da ke zaune a Agege ko Idi Araba ko Mile 12, ko kuwa Sabo ta Badun, ba ya rabuwa da saƙon 'yan'uwa na gida, cewa ya daure ya shiga kasuwar Ladipo da ke Mushin ya nemo kaza ya ba direban tirela ya kawo. Sau da yawa wanda aka aika ɗin falke ne ko mahauci ko ɗan canji, bai taɓa leƙa cikin injin ba. Idan saƙon na fitila ne ko lagireto, da sauƙi, ido ya isa. Amma idan aka ce kamshaf da sifirin ɗin bawul, musamman na injin da ake ɗura wa iska, to, ido ba ya raba gardama, kuma kuskure guda na iya cinye injin ɗungurungum.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Kowace silinda tana da ƙofofi a kanta, su ne bawul. Ta wani iska ke shiga, ta wani hayaƙi ke fita. Kamshaf kuwa wani sandan ƙarfe ne mai ƙusoshi jere kamar tozon sa, idan ya juya sai kowane tozo ya danna bawul ɗinsa ya buɗe. Amma tozo buɗewa kaɗai ya iya. Mai maido da bawul ya rufe shi ne sifirin, wannan nadadden ƙarfe da ke zagaye da wuyan bawul, wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba.

Kamshaf yana yin juyi ɗaya duk lokacin da karanshaf ya yi biyu. Ke nan idan injin yana juyi 3,000 a minti, kamar yadda Fijo ke yi a kan buɗaɗɗiyar hanya tsakanin Damaturu da Potiskum, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 1,500 a minti, watau sau 25 a cikin daƙiƙa guda. Idan sifirin ya gaji, bawul ba zai iya bin tozo sau da ƙafa ba. Sai ya riƙa makara wajen rufewa, ko ya faɗa mazauninsa ya yi tsalle ya sāke buɗewa. Da fari direba zai ji mota ta ƙi ja idan ya taka totur, sa'an nan bakin bawul ya soma ƙonewa domin ba ya zama daram ya miƙa zafinsa ga kan silinda. Ƙarshenta, wata rana fistin ya taso ya tarar da bawul bai koma ba, su yi karo. Wanda ya taɓa jin wannan ƙara a tsakiyar daji ba ya bukatar a yi masa bayani.

INJIN MAI ZUGA-ZUGI

Maƙeri ya san wuta ba ta ci sosai sai an zuga ta. Haka injin yake, gwargwadon iskar da ta shiga silinda, gwargwadon man da zai iya ƙonawa. Wannan ya sa aka ƙirƙiro na'urorin ɗura iska iri biyu. Na farko shi ne kwamfaresa, wanda bel ke juyawa daga karanshaf. Asalinsa ma zuga-zugin ne na gaske, domin wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, su suka yi rajistarsa a 1860, aka yi ta amfani da shi wajen hura wutar narka ƙarfe tun kafin a san mota. Kamfanin Mercedes ya nuna motocinsa masu kwamfaresa a Balin a 1921, kuma jikokinsu ne waɗannan C180 da C200 da C230 masu rubutun Kompressor a baya, da suka cika titunan Ikko da Kano. Na biyu shi ne turbo, wanda hayaƙin salansa ke juyawa, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi rajistar dabararsa a 1905. Shi ne ke kan yawancin manyan motocin gas na wannan zamani.

Abin da mai sayen kaya ya kamata ya gane shi ne, iskar da ake ɗurawa ba ta jira a buɗe mata ƙofa, tura ƙofar take yi daga baya. A ɗauki bawul mai faɗin milimita 40, a ce kuma ana ɗura iska fam 10, a irin ma'aunin da mai faci ke auna taya da shi. Wannan iska tana danna bayan bawul da nauyin da ya kusa kilo 9. Idan da ma sifirin yana riƙe bawul a rufe da ƙarfin kilo 30, to, saura 21 ke nan. Sifirin da ya wadatar a injin da ke shaƙar iska da kansa, sai ya zama rago a injin mai zuga-zugi, alhali kuwa a ido tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya.

A injin mai turbo har bawul ɗin hayaƙi bai tsira ba, domin hayaƙin da ke cunkushe kafin ya shiga turbo yana tura shi daga baya. Abin ya fi tsanani ga manyan motoci masu birkin salansa, inda ake toshe hanyar hayaƙi da gangan don injin ya riƙe mota a gangara. Direban da ke saukowa Hawan Kibo daga Jos da lodin shanu, rayuwarsa da ta dukiyar mutane tana rataye a kan waɗannan ƙananan ƙarafa, ko ya sani ko bai sani ba.

MAI ƘARFI BA SHI NE MAI KYAU BA

A nan ne masu sayar da kaya ke samun mutane. Da zarar an ce ana son sifirin mai ƙarfi, sai a ɗauko na wani babban injin a ce wannan ya fi na kamfani. Wani bakanike kuma sai ya cusa wasa biyu ko uku a ƙarƙashin tsohon sifirin don ya ƙara masa tauri. Duka biyun ganganci ne. Sifirin da ya faye tauri yana matse tafet a jikin tozo har man da ke tsakaninsu ya gudu, ƙarfe ya ci ƙarfe, tozon ya side, garinsa kuma ya bi baƙin mai ya shiga metal da famfon mai. Yana kuma wahal da bel ko sarƙar da ke jan kamshaf. Injin irin na Fijo 504, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, tafet ɗinsa shafaffe ne, goga tozo yake yi, don haka ya fi saurin cutuwa da wannan bisa ga injunan da tafet ɗinsu ke da ɗan gare.

Sa'an nan akwai iyakar da sifirin zai iya lanƙwashewa. Idan tozo ya danna bawul har ƙarshe, dole a sami sauran fili tsakanin zobban sifirin, masu ƙera kamshaf sukan ce kada jimlar filin ta gaza milimita ɗaya da rabi. Idan zobban suka haɗe, sifirin ya zama dunƙulen ƙarfe, dole wani abu ya karye, ko sandan da ke tura roka ya lanƙwashe, ko rokar ta tsage. Wasar da aka cusa a ƙasa wannan filin take cinyewa. Kamshaf mai dogon tozo shi ma haka. Shi ya sa kamshaf da sifirin ba a sayensu daban-daban kamar albasa da tumatir, tare aka auna su tun daga kamfani.

KAMSHAF NA TSERE

Samari masu Kompressor sukan ji labarin kamshaf na tsere su yi sha'awa. Akwai wani ɗan lokaci, sa'ad da fistin ya kai ƙololuwa bayan ya kori hayaƙi, da bawul biyun ke buɗe tare, na hayaƙi bai gama rufewa ba, na iska ya soma buɗewa. A injin tsere wanda ba a ɗura masa iska, ana tsawaita wannan lokaci da gangan, domin hayaƙin da ke fita da gudu ya jawo sabuwar iska. Amma idan kwamfaresa na tura iska da ƙarfi, kuma ƙofa biyu na buɗe, sai iskar da fetur su ratsa silinda su fice ta salansa ba su ƙone ba. An sayi mai da tsada an zubar ke nan, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Idan kuwa ƙaramin turbo ne, inda matsin hayaƙi ya fi na iska, sai hayaƙin ya komo baya ya gurɓata iskar. Don haka masu ƙera kamshaf a Amurka sukan buɗa tazarar da ke tsakanin tozon iska da na hayaƙi zuwa digiri 112 ko 114 ko 116 ga injin fetur mai zuga-zugi, alhali na tsere marar zuga-zugi yakan tsaya tsakanin 106 da 110.

Har wa yau, a injin Kompressor mai lamba M271, wanda ya fito a 2002, sau da yawa ba kamshaf ɗin ne ke da laifi ba. Sarƙar ce ke miƙewa, haƙoran faifan da ke bakin kamshaf kuma su side, ana jin alamar haka da kwaramniya idan an tada mota da sanyin safiya. Wanda ya sayi sabon kamshaf ya bar waɗannan, ya bar jaki yana dukan taiki.

Injin gas kuwa ba ya ɗaukar wasa ko kaɗan, domin fistin yana matse iska har ya kusa taɓa kan silinda, filin da ya rage wa bawul ɗan kaɗan ne. Misali a nan shi ne injunan Land Cruiser guda biyu da Toyota ta fitar a 1990, watau 1HZ marar turbo da 1HD-T mai turbo. Dukansu silinda shida ne, lita 4.2, a tsaye kamar tagwaye. Amma na farkon yana matse iska fiye da ninki 22, na biyun kuwa wajen 18 da rabi, kuma kan silindarsu da fistin ɗinsu da hanyar fesa mai duk sun bambanta. Haka nan 2L da 2L-T na Hilux, da OM352 da OM352A na manyan motocin Marsandi. Harafi guda a ƙarshen lamba shi ne bambancin.

ABIN DA RUWA YA BARI

Injin da ya kwana cikin ruwa, hankalin bakanike yakan tafi ga kwanrod da ya lanƙwashe, domin ruwa ba ya matsuwa, da kuma metal da ringi. Sifirin sai a wanke da fetur a mayar. Amma tsatsa ko da ɗigo guda ce a jikin sifirin, rami ce, kuma daga wannan rami tsaga ke farawa a ƙarfen da ke lanƙwashewa sau 25 a daƙiƙa. Ba a ranar zai karye ba, sai bayan wata da watanni, lokacin da kowa ya manta da ambaliya. Zafi ma yana kashe shi. A bazarar Barno, watan Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, kuma injin da ya taɓa tafasa har ya ƙone gasket, da wuya sifirinsa su koma yadda suke.

Gwajin ba mai wuya ba ne. A jera su duka a kan gilashi ko wani shafaffen ƙarfe, wanda ya gaza 'yan'uwansa tsawo ko ya karkace ya gama aiki. A auna tsawonsu a gwada da abin da littafin kamfani ya faɗa. Idan ɗaya ya gaji, a sauya duka, domin shekarunsu ɗaya, wahalarsu ɗaya.

Wanda aka aika Ladipo kuwa, kada ya yarda ya tafi da sunan mota kawai. Motar da ta shekara ashirin a hanya mai yiwuwa ne injin da ke cikinta ba shi ne na asali ba. Sai ya sa a karanto masa lambar da ke buge a jikin injin, harafi da harafi, a turo hotonta ta waya, in da hali ma a aiko da tsohon kamshaf da sifirin guda a hannun direba. Idan na hannu zai saya, ya fi kyau ya sayi kan silinda sukutum da kamshaf da tafet da sifirinsa a ɗaure, domin kowane tafet ya riga ya saba da tozonsa, idan aka sauya musu wuri sai su ci juna. Ya bi tozon da farce, in ya ji kaushi ko ya ga baƙi-baƙin ƙuna, ya ajiye. Idan sabon kamshaf ne, to, da sabbin tafet zai tafi.

Saura aikin bakanike a Khaddamari. A injin fetur mai shafaffen tafet, ana shafe tozon da man haɗi kafin a ɗaura, kuma da zarar an tada injin ba a barinsa yana salo. Ana riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30, domin mai ya riƙa fantsama a jikin kamshaf har tozo da tafet su zauna da juna, sa'an nan a juye wannan mai a sauya filta kafin a ɗora wa motar buhun shinkafa ko guda.