Taba da Teɓa: Inda Suke Haɗuwa a Jiki

Mai shan sigari ya san ana yi masa kallon mai laifi, shi ya sa yakan laɓe a bayan shago kafin ya kunna. Mai teɓa kuwa yabo yake sha: an ce hutu ya zo, naira ta zauna. Amma a wurin likitan zuciya layi ɗaya suke bi, domin ɓarnar tasu a jijiyoyin jini take haɗuwa.

Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki na jawo kansa. Kowa ya san da huhu, tun 1950 da Richard Doll da Bradford Hill suka nuna alaƙar a Ingila. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikin nikotin: cikin daƙiƙoƙi yake isa ƙwaƙwalwa, ya matse jijiyoyi, ya ɗaga bugun zuciya, hayaƙin kuma ya ƙuje bangon jijiya ta ciki har kitse ya samu wurin maƙalewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, fiye da miliyan ɗaya ba su taɓa sa kara a baki ba. Mata ne da yara da abokan hira. Shisha ma ba sauƙi ba ce, ruwan tulun sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ba ya tace gubar.

Kitsen ciki shi ma ba zaman banza yake yi ba. Yana hana jiki jin maganar insulin, sai suga ya taru a jini, hawan jini ya biyo baya, gwiwa ta fara ƙara in an tashi daga sujada. A 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba mai yawa. Idan mai tumbi ya haɗa da sigari, jijiyar da hayaƙi ya ƙuje ita ce kitse zai toshe, kuma daga nan ne shanyewar ɓarin jiki ke fitowa, a ce wai jifa ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne 'yan matan da ke sayen "sha ka fashe" a kemis don su ciko kafin biki. Galibi deksametazon ne, ruwa yake tarawa, ya kumbura fuska, ya tayar da suga, ya raunana ƙashi.

Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai, amma je ka wurin mai tebur ka gani. Teɓa kuwa gwajinta na gida ne: auna tsawonka da zare, ninka shi biyu, ka zagaya cibiya. In bai haɗu ba, a je a duba jini da suga.