Garanti ya ƙare, mota ta lalace: ina haƙƙin mai saye?

Da yawa daga cikin motocin da ke lodi a bakin Kasuwar Jalingo 'yan Kwatano ne, garantinsu ya ƙare tun suna ƙasar waje. Da giyabos ya buga, sai dillalin da ya sayar da motar ya ce ai ciniki ya riga ya faɗa. A wajen doka magana ba ta ƙare ba.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta wajabta kaya su kasance masu inganci da ƙarko daidai gwargwado. Ta ba mai saye wata 3 daga ranar karɓa ya mayar da kaya mai aibi, a gyara, a musanya ko a ba shi kuɗinsa. Rubuta "ba a mayarwa" a rasit bai soke wannan ba.

Bayan wata 3, gardama kan koma kan asalin matsalar. Taya da birki da batir cinyewa suke yi, asarar mai mota ce. Aibin da mota ta fito da shi daga masana'anta, ko wanda aka ɓoye lokacin ciniki, hukuncinsa daban. Fiƙihun Malikiyya ma ya yarda a mayar da kaya saboda tsohon aibi. Ga misalin aibin masana'anta: da aka gano jakar iskar kariya ta kamfanin Takata na fashewa, Honda da Toyota sun canza ta kyauta har a tsofaffin motoci.

Wahalar tana wajen hujja, domin cinikinmu yawanci na baki ne. Ka adana rasit, bakanike ya rubuta abin da ya gano, ka kai wa mai sayarwa kuka a rubuce. In ya ƙi, sai FCCPC ko kotu.