Kumburin mai jego ba sanyi ba ne

Ranar da na je barka gidan ƙanen mijina, a wani ƙauye kudu da Matameye, jaririn yana da kwana 19. Na tarar da uwar zaune bisa tabarma, ta jingina da bango, an tara mata filo uku a baya. Na gaishe ta, ta amsa, amma kafin ta kai ƙarshen "lafiya lau" sai da ta tsaya ta ja numfashi. Ƙafafun nan sun yi suntum. Na danna babban yatsana a ƙwaurinta na ɗaga, ramin ya tsaya kamar an danna tuwo, bai ciko ba har na gama gaisawa da mutanen ɗakin. Gefenta ga kwanon kunun kanwa an sha rabi, a tsakar gida kuma tukunyar wanka tana tafarfasa, ga damin ganye a jiƙe. Na juya wajen Gwaggo, mai yi mata wankan.

"Gwaggo, tana iya kwanciya kuwa?"

"Ina fa, ƴar nan! Kwana uku ke nan a zaune take kwana. Sanyi ne ya shige ta. Yaran yanzu ba su son ruwan zafi. Tun shekaranjiya na ce a ƙara icce, a ƙara mata kanwa."

Wannan magana ta sanyi na gaji da jin ta. Na ji ta a gidan suna, na ji ta a gidan makoki, kuma sau da yawa gida ɗaya ne, tsakanin sunan da makokin bai fi wata guda ba. Ni ma mace ce, na haihu huɗu, na yi wanka huɗu, don haka kada wata ta ce mini ban san zafin ruwan ba.

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, ɗakunanta huɗu. Ɓangaren dama yana tura jini cikin huhu ya ɗebo iska, na hagu ya karɓa ya watsa shi ko'ina cikin jiki. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, wajen sau 100,000 a kwana guda, tana juya jini wajen lita 5. Wanda ya taɓa shiga garkar rake a bakin Korama ya ga injin ban-ruwa, ya ga aikin zuciya.

Idan mace ta ɗauki ciki, jininta yana ƙaruwa da kusan rabin abin da take da shi, don rai biyu yake ciyarwa. Da ta sauka, mahaifa ta tsuke, jinin da ke can da ruwan da ya taru a jiki su komo cikin jijiyoyi, duk su nufi zuciya. Yawancin zukata suna ɗaukar wannan kaya su wuce. Amma akwai matan da, daga watan ƙarshe na ciki zuwa watannin farko na jego, tsokar zuciyarsu take saki, ta buɗe kamar tsohuwar jaka, ta kasa matsa jinin. Lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabin jinin da ke ɗakinta na hagu a kowane bugu. Wannan kuwa ba ta kai kashi 45 cikin 100, wani lokaci ma ko 30 ba ta kaiwa.

To ina jinin da ba a tura ba zai je? Baya yake komawa. Idan injin garka ya yi rauni, ruwa a rijiya yake tsayawa. A jikin mutum babu rijiya, sai huhu da hanta da ƙafafu. Ruwa ya tsattsafo daga jijiyoyi ya shiga huhu, shi ne hakin nan da tarin dare. In ta kwanta miƙe, ruwan da ke ƙafafu ya gangaro ƙirji, ta ji kamar an danne ta, ta zabura ta zauna. Ƙoda kuma, da ta ga jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta ɗauka fari ake yi, ta hau riƙe gishiri da ruwa, kumburi ya ƙaru. Kumburin mai jego ruwa ne da zuciya ta kasa kwashewa.

Yanzu mu zo kan kanwa. Kanwar da ake kawo mana daga ƙasar Manga, wajen Gure da Maine-Sorowa, cike take da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishirin miya. Duk inda sodiyam ya je, ruwa yana biye da shi. Matar da ta taɓa barin gishiri a buɗe da damina ta ga yadda yake jiƙewa ba wanda ya zuba masa ruwa. Haka yake yi a cikin jini. Wato yarinya ruwa ya riga ya kai mata wuya, mu kuma mu dama mata kwano guda na abin da zai jawo wani ruwan, safe da yamma, muna cewa magani muke ba ta. Sannan mu fito da ita mu yi ta fyaɗa mata tafasasshen ruwa da ganye. Zafi yana buɗe jijiyoyin fata, dole zuciya ta ƙara gudu don ta cika su. In an gama, a wasu gidajen, a kwantar da ita bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Jakin da ya durƙusa da kaya, ba a ƙara masa mangala a ce don ya tashi.

Abin ba yau aka gano shi ba, kuma a cikinmu ma an bincike shi. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 masu wannan ciwo, suka fitar da sakamakon a 1978. Sun samu cewa a cikin matan Hausawa na Zariya kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100 tana kamuwa. Ga abin da nake so masu cewa sanyi su saurara da kyau: matan nan sun fi zuwa asibiti a watannin zafi da damina, musamman Yuli, ba lokacin hunturu ba. Da sanyi ne, ai a watan Janairu za a ga an cika gadajen, lokacin da haɓo ke fasa hancin yara kuma mai yake daskarewa a kwalba. Wane irin sanyi ne wannan da ke jiran a gama ɗari sannan ya kama mutum?

Gwaggo tana da hujjarta, kuma ba zan ce ba ta da gaskiya gaba ɗaya ba. Cewa take yi, "Mu mun yi wanka, mun sha kanwa, ga mu nan da ranmu." Haka ne. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, wanda ya fito a 2020, ya nuna ciwon yana nan da yawansa a arewa maso yammacin Najeriya, amma bai samu cewa wanka da kunun kanwa su ne tushensa ba. Abubuwan da suka fi fitowa su ne rama, da rashin karatu da abin yi, da hawan jinin masu ciki. A Yamai kuma, Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa matan da ke da ciwon suna da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jininsu. Ana samun ciwon a Haiti, wajen ɗaya cikin haihuwa 300, da Afirka ta Kudu, wajen ɗaya cikin 1,000, inda ba su san kunun kanwa ba. Saboda haka ban ce kanwa ce ke haifar da shi ba. Abin da na ce, ranar da ƙafa ta kumbura kuma numfashi ya fara yankewa, kanwa da tafasasshen ruwa sun zama masu taya ciwo aiki. Maganar "ga mu nan da ranmu" kuwa, waɗanda suka rayu ne kaɗai ke faɗin ta. Ƙanwar wance da aka ce sanyi ya tafi da ita kafin arba'in, wa ya je ya tambayo ta?

Abin da ke ƙona mini rai, kalmar sanyi tana ɗora laifi a kan marar lafiya. Yarinya tana haki, ana ce mata ragwanta ce, ta ƙi tsayawa a gasa ta. Sai ta ɓoye, ta daure, don kada a ce haihuwar fari ta ba uwarta kunya. Ku kuma maza, ban manta da ku ba. Mutum ya sayi amalanken icce, ya sayi ragon suna, ya ɗinka wa dangi kaya, amma a ce ya ɗauko mota zuwa asibitin Matameye sai ya ce sha'anin mata ne, ba ya shiga. Matarka ce ke kwana a zaune. In ba ka shiga yanzu ba, za ka shiga ranar da za a ce ka nemo madarar gwangwani da mai riƙon jariri.

Akwai wasu abubuwan da ke raunana zuciyar mai ciki, kamar tsohon hawan jini, da ƙarancin jini, da ciwon maƙogwaron yarinta da ke lalata ƙofofin zuciya, amma hanyar duk ɗaya ce, asibiti.

Ɗan kumburin ƙafa a ƙarshen ciki, wanda ke saɓewa in an kwana, ba abin tashin hankali ba ne. Wanda nake magana a kai shi ne wanda ke ƙaruwa bayan an haihu, yana hawa daga idon sawu zuwa gwiwa har ciki. A lura da mai jego in za ta je bayan gida, tana tsayawa hutu a hanya? Filo nawa take sawa yau, nawa take sawa makon jiya? Tana farkawa tsakar dare tana neman iska, tana tari busasshe? Tana cewa gabanta na faɗuwa alhali ba abin da ya tsorata ta? Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tafi, ba sai sun haɗu ba. In kuwa tana tofar da kumfa mai ruwan jini, ko leɓɓanta sun yi duhu, ko tana gumi mai sanyi, ba a jiran gari ya waye. A ɗauke ta a zaune, kada a shimfiɗe ta a bayan mota ko a amalanke, don kwanciyar ita ce ke shaƙe ta. Kada a ɗura mata komai a hanya. A fara da gidan likita mafi kusa, in sun tura Matameye a tafi, in Matameye sun ce sai babban asibitin Damagaram don a yi hoton zuciya, irin ekografin da ake yi wa masu ciki, to a tafi. Hoton ne ke nuna ƙarfin da ya rage wa tsokar.

Maganin farko da za a ba ta na sa fitsari ne, kuma zai sa ta yi shi da yawa, kada a tsorata, ruwan ne ke fita. Akwai wasu ƙwayoyin da ke rage wa zuciya nauyi su ba ta damar murmurewa, su kuma watanni ake shan su. Nan ne muke yin ɓarna ta biyu: kumburi ya saɓe cikin mako guda, a ce ta warke, a jefa magani bayan gado. Ruwan ne ya tafi, raunin yana nan. Ba a dainawa sai wanda ya rubuta ya ce a daina. A faɗa masa tana shayarwa don ya zaɓi wanda ya dace da nono. Ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla a faranti, irin su diclofenac da ibuprofen, a nisanta ta da su, suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa.

Sai tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum mai lafiya kada ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokalin shayi guda, balle mai raunin zuciya. A lissafa da dunƙulen miya, da kanwar da ake jefa wa wake da miyar kuka, da gishirin da ke cikin yajin jego da ƙauri. A dama mata kunu ba kanwa, a sa tsamiya, a ba ta nama da ƙwai da wake da zogale ta ci ta ƙoshi. Wanka kuma ba wanda ya hana, tsabta ce, amma da ruwan da mai yi mata wankan za ta iya tsoma gwiwar hannunta ciki ta bar ta, kuma a zaune.

Mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta tambayi lambar da aka samu, kada ta tashi ba ta ji ba. In an ce tansiyo, wato awon hawan jini, ya kai 14 bisa 9, maganar ta zama ta likita. Bayan haihuwa ma a koma awo, ba jariri kaɗai ke da jiki ba. Wasu matan zuciyarsu tana komawa daidai cikin watanni, wasu ba ta komawa, kuma ga waɗannan wani sabon ciki na iya zama ajali. Kada a sake ɗaukar ciki sai an sake hoto likita ya yi magana, kuma mijin ya zauna a wurin ya ji da kunnensa. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa awon ciki da tazarar haihuwa cikin abubuwan da ake yi kyauta a gidajen likita na gwamnati.

Ranar dai ban bar gidan ba sai da ƙanen mijina ya samo mota. Gwaggo ta shiga gaba tana gunaguni, ni da yarinyar a baya, tana zaune ta dafa kafaɗata. Aka yi mata allura, kafin magariba ta cika fo sau uku. Dare na biyu ta yi barci a kwance da filo ɗaya. Gwaggo ta tsaya ta daɗe tana kallon ƙafafun da suka fara yamushewa, ta ce, "Ikon Allah, ashe ruwa ne." Ta ƙarasa mata arba'in da ruwan ɗumi, tana yi tana cewa wannan ba wanka ba ne, alwala ce. An ba su ranar zuwa Damagaram in yaron ya cika wata shida. Ragowar kanwar kuwa, Gwaggo ta ce kuɗi aka sa, ba za a yi asara ba, ta zuba wa tumaki.