Yadda Ake Gane Tsohon Carbin Katolika

Akan kawo wa 'yan kolinmu na Ikko carbin Katolika ko gicciye, a ce ya shekara ɗari biyu. To, kafin mutum ya zuba kuɗinsa, sai ya dubi 'yar lambar da ta haɗe carbin. In tana ɗauke da hoton Maryamu na garin Lourdes, a Faransa, ba ta riga 1858 ba. In na garin Fatima ne, a Fotugal, ba ta riga 1917 ba. Alminiyum kuwa bai yi araha ba sai bayan 1886.

Amma fa akan ɗaura tsohon gicciye a sabon carbi. Saboda haka a duba kowanne daban, don tsatsa kaɗai ba shaida ba ce.