Masauki a Lima: Gunduma Ake Zaɓa Kafin Ɗaki

Wanda ya buɗe taswirar Lima zai ga babban birnin ƙasar Peru a shimfiɗe a gefen Tekun Fasifik, sai ya ɗauka magana ta ƙare: a nemi ɗakin da tagarsa ke kallon ruwa. Masu otal sun san da wannan kwaɗayi, shi ya sa suke tsawwala kuɗin ɗakunan da ke fuskantar teku. Amma daga wajen watan Mayu har zuwa Nuwamba, abin da mai wannan ɗaki zai fi gani da safe shi ne farin hazo da ya haɗe sama da ruwa, har ba a gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Mutanen garin suna kiransa garúa. Kamar hazon hunturu yake wajen ɓoye rana, sai dai shi jiƙa kaya yake yi, ba ya busar da leɓe.

Dalilin hazon yana cikin tekun. Akwai wata igiyar ruwan sanyi, wadda ake kira Humboldt, da ke tasowa daga kudu tana bin gaɓar Chile da Peru. Ruwan yana sanyaya iskar da ke kansa, iska mai ɗumi kuma ta zauna a bisa ta danne ta. Gajimare ya taru ƙasa-ƙasa, ya kasa hawa inda zai zama hadari. Ta gabas kuma duwatsun Andes sun tare damshin da ke zuwa daga dajin Amazon. Sakamakon haka Lima, mai mutum sama da miliyan 10, birni ne na hamada wanda ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce 'yan milimitoci ba. Rufin gidaje a shafe yake babu indararo, yawancin tituna babu magudanar ruwan sama, amma iska a jiƙe take kusan kullum.

Wannan ya shafi mai neman masauki kai tsaye. A watannin Yuli da Agusta ma'aunin zafi yakan tsaya tsakanin digiri 14 zuwa 19, wanda a takarda ba wani sanyi ba ne. Amma sanyi ne mai shiga ƙashi, gidaje da yawa kuma ba a gina su da na'urar ɗumama ɗaki ba. Tawul ba ya bushewa, takalmin da aka bari a kabad yana iya yin fumfuna. Don haka tambayar da ta fi amfani ga mai otal ita ce ko akwai hita, ko ruwan zafi yana zuwa a kowane lokaci, ko ɗakin yana samun iska. Wanda tafiyarsa ta faɗo tsakanin Disamba da Maris, lokacin da rana ke fitowa sosai, shi kam kuɗin kallon teku bai faɗi banza ba.

Sai dai yanayi ba shi ne babbar maganar ba. Abin da baƙo ya kamata ya fara fahimta shi ne Lima ba hukuma ɗaya ce ke riƙe da ita ba a harkokin yau da kullum. Lardin ya kasu gunduma 43, kowacce da zaɓaɓɓen shugabanta da harajin da take karɓa daga masu gidaje. Tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama na Jorge Chávez ma ba a cikin lardin suke ba, suna Callao, wadda ke da nata matsayin daban duk da cewa gine-ginen sun haɗe. Gundumar da mazaunanta ke da kuɗi tana da abin sayen fitilun titi, da kwashe shara, da kyamarori, da ɗaukar dakarun sintiri na gunduma da ake kira serenazgo, waɗanda ba 'yan sanda ba ne amma su ne ake gani a kusurwar titi da daddare. Gundumar da ba ta da shi sai haƙuri. Mutum yana iya tsallake titi ɗaya ya ga hasken fitila ya ragu, daɓen gefen hanya ya farfashe, ba don komai ba sai don ya fita daga wata gunduma ya shiga wata. Wanda ya zaɓi masauki a Lima, a gaskiya ƙaramar hukumar da za ta kula da shi ya zaɓa.

Wannan ne ya sa kusan duk wanda aka tambaya zai ce Miraflores, kuma ga baƙon da ya zo karon farko ban ga dalilin musanta shawarar ba. Nan otal suka fi yawa, daga na masu jaka a baya har na manyan 'yan kasuwa. Ana iya yawo da ƙafa daga dandalin Kennedy, wanda kyanwoyi suka mayar gidansu, zuwa Malecón, jerin lambunan da ke bin bakin gaɓa. Cibiyar kasuwanci ta Larcomar a jikin gaɓar aka sassaƙa ta. A tsakiyar gidajen zamani kuma ga Huaca Pucllana, wani tsauni na tubalin laka da mutanen wurin suka gina ƙarnuka da dama kafin daular Inka. Unguwar ba ta rasa tabonta ba: a ranar 16 ga Yulin 1992 'yan tawayen Sendero Luminoso suka tayar da bam a mota a titin Tarata, mutum 25 suka mutu. Yau titin na masu tafiya da ƙafa ne, akwai abin tunawa a tsakiyarsa.

Gargaɗi ɗaya: akwai wata gunduma a kudancin birnin mai suna San Juan de Miraflores, wadda ba ta da alaƙa da wannan sai suna. Tana nesa, kuma ba a shirya ta don baƙi ba. Idan aka ga ɗaki a intanet da arha mai ban mamaki an rubuta Miraflores a adireshinsa, a karanta adireshin har ƙarshe.

Barranco tana manne da Miraflores ta kudu. A ƙarni na 19 wurin shan iska ne na masu hali, kuma manyan gidajensu na da sun zama ƙananan otal, da gidajen zane-zane, da wuraren cin abinci. Gadar katako ta Puente de los Suspiros tana nan, an fara gina ta a 1876. Central, gidan abincin Virgilio Martínez da ya zo na ɗaya a jerin gidajen abinci 50 mafiya kyau a duniya a 2023, a nan yake. Unguwa ce mai daɗin ido, amma da daddare, musamman Juma'a da Asabar, mashaya da gidajen kiɗa ne ke mulki. Mai son barci da wuri, ko wanda ya zo da iyali, ya nemi ɗaki nesa da babban dandalin, ko ya kwana wani wuri ya zo Barranco da rana.

San Isidro ta arewa take, ita ce unguwar bankuna da ofisoshin jakadanci. Shiru, tsada, da kurmin zaitun na El Olivar wanda asalinsa ya koma zamanin mulkin Sifaniyawa. Wanda taro ko harkar kamfani ta kawo shi, nan ya dace da shi. Wanda ya zo ganin gari zai iya jin kaɗaici bayan magariba.

Akwai wani abu da masu tallan ɗaki ba sa ambata, ni kuwa ina ganin ya cancanci a tsaya a kansa: ƙasar da ginin yake kai. Lima tana daf da inda farantin ƙasa na Nazca ke nutsewa ƙarƙashin na Kudancin Amurka. A daren 28 ga Oktoban 1746 girgizar ƙasa ta rusa kusan dukan birnin, sannan teku ta taso ta shafe Callao, inda cikin mutum 5,000 ko fiye kimanin 200 kawai suka tsira. An sake jin manyan girgiza a 1940 da 1966 da 1974, ga kuma ta Pisco a 2007 wadda ta kaɗa Lima sosai duk da nisanta. Masana a Peru sun daɗe suna faɗin cewa ƙarfi yana taruwa a ƙarƙashin tekun da ke gaban birnin. Girgiza ba ta taɓa kowace unguwa daidai. Tsakiyar gari da San Isidro da Miraflores suna kan tsakuwa da duwatsun da kogin Rímac ya tara tun dubban shekaru, ƙasa mai tauri da ba ta ƙara wa girgiza ƙarfi sosai. Sassan Callao da Chorrillos da La Molina da Villa El Salvador kuwa suna kan yashi ko ƙasa mai laushi, wadda ke kaɗawa fiye da kima. Miraflores da Barranco kuma suna bisa gaɓa mai tsayin sama da mita 50, nesa da inda igiyar tsunami za ta kai. Haɗarin yana ƙasa, a bakin ruwa da babbar hanyar Costa Verde, inda aka kafa alamun hanyar gudu aka kuma lulluɓe jikin gaɓar da raga saboda duwatsun da ke gangarowa. Ba wai mutum ya kwana da fargaba ba. Amma idan ya shiga otal ya ga koriyar alama mai harafin S a jikin ginshiƙi, ya san nan ne aka ware don tsayawa lokacin girgiza, ya kuma duba inda matattakala take.

To tsohon garin fa? Francisco Pizarro ya kafa shi ranar 18 ga Janairun 1535, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Fadar gwamnati, babban coci, barandun katako masu sassaƙa, da ginin San Francisco mai ramukan ƙasusuwan matattu a ƙarƙashinsa, duk suna nan. Ɗakuna sun fi arha. Amma shaguna na rufewa, tituna da yawa suna yin tsit, kuma fizgen waya ba baƙon abu ba ne. Nan ne kuma fushin ƙasa ke sauka: zanga-zangar da ta biyo bayan tsige Pedro Castillo a Disamban 2022 a cikin Lima ta fi zafi ne a dandalin San Martín da titin Abancay, da hayaƙi mai sa hawaye da rufe hanyoyi. A watan Oktoba kuma dubun dubatar Kiristoci cikin tufafi masu launin shunayya suna cika titunan don jerin gwanon Señor de los Milagros, wani hoton da tarihin garin ya ce wani bawa ɗan Angola ne ya zana a bango, bangon kuma ya tsaya bayan girgizar 1655. Abin kallo ne, amma mota ba ta motsi. Ra'ayina shi ne a wuni a tsohon gari, a kwana a wani wuri.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne Metropolitano, dogayen bas masu hanyarsu ta daban da suka fara aiki a 2010. Suna bi ta Barranco da Miraflores da San Isidro har tsakiyar gari, da kati ake shiga. A Lima ba a auna nisa da kilomita, da lokaci ake aunawa, domin cunkoson motocinta yana cikin mafiya muni a nahiyar. Masaukin da ke tafiyar minti goma da ƙafa daga tashar Metropolitano ya fi wanda ke bakin teku amfani ga mai zirga-zirga, ko da yake da safe da yamma bas ɗin kan cika maƙil. Layi na ɗaya na jirgin ƙasan cikin birni bai bi ta waɗannan unguwanni ba, amma yana tsayawa a Gamarra, babbar kasuwar tufafi da ke La Victoria. Ɗan kasuwa ya je can da rana, wayarsa a aljihun gaba, ya dawo kafin duhu.

Ga Musulmin da zai daɗe, akwai gundumar da littattafan yawon buɗe ido ba su cika ambata ba, wato Magdalena del Mar. A nan masallacin Ƙungiyar Musulmin Peru yake, a cikin wani tsohon gida, kuma nan ake Juma'a. Musulmi kaɗan ne ƙwarai a ƙasar, don haka naman yanka na halal sai an tambaya, masallacin kuma shi ne wurin tambayar. Magdalena unguwar masu matsakaicin hali ce, tana bakin teku tsakanin San Isidro da hanyar filin jirgi, tana da kasuwarta, haya kuma ta fi ta Miraflores sauƙi. Maƙwabciyarta Pueblo Libre ita ke da gidan tarihi na Larco, mai tarin tukwane da kayan zinariya na mutanen da. Batun abinci kuwa teku ta sauƙaƙa shi: ceviche ɗanyen kifi ne da aka jiƙa da lemun tsami, da albasa da barkono, a gefe ga dankali da masara, kuma mutanen Lima da rana suke cinsa lokacin da kifin yake sabo. Abin lura shi ne chicharrón, wanda galibi naman alade ne, da pisco, wanda giya ce. Ruwan famfo kuma ba a sha sai an tafasa.

Saura wanda Lima zango ce kawai gare shi, mai jiran jirgin Cusco don zuwa Machu Picchu. Daga filin jirgi, wanda aka buɗe sabon gininsa a watan Yunin 2025, zuwa Miraflores bai fi kilomita 20 ba, amma tafiyar tana iya cin minti 45 da tsakar dare ko ta haura awa ɗaya da rabi da yamma. Jiragen Cusco da yawa da sassafe suke tashi. Idan dare ɗaya ne kacal, gara otal ɗin da ke jikin filin jirgin, ko ɗaki a San Miguel ko Magdalena, a kuma ɗauki tasi daga kantunan da ke cikin ginin maimakon masu kira a waje. Unguwannin da ke kewaye da filin ba na yawon dare ba ne. Idan kwanakin sun kai biyu ko uku, a shiga gari, domin Cusco tana bisa tsayin kusan mita 3,400, kuma sayayyar magani da rigar sanyi ta fi sauƙi a Lima kafin a hau can numfashi ya fara yin wuya.