Kaɗaici da Hanyar Baban Rafi da Ta Rufe

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta a ƙarshen watan Yunin 2025, wanda ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, abin da ake ji a fada da bakin kasuwa shi ne wannan ciwon Turawa ne, mu nan wa ya san shi? Hujjar da ake kawowa ita ce ai Birtaniya ce ta naɗa ministar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Masu wannan magana ba su leƙa rahoton ba. A ƙasashe matalauta kashi 24 cikin ɗari ne suka ce suna jin kaɗaici, a ƙasashe masu arziki kuwa kashi 11. Rahoton ya kuma danganta mutuwar mutum sama da 871,000 a kowace shekara da wannan hali. Cikar gida da mutane ba ta hana mutum kwana da damuwarsa shi kaɗai. A tambayi amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, ko tsohon da 'ya'yansa duk suka tafi biɗa.

A Sikotilan akwai wani shiri mai suna Branching Out, inda ma'aikatan lafiya ke tura masu damuwar zuciya cikin daji rukuni rukuni, awa uku a mako har mako 12, su yi aikin hannu, su hura wuta, su sha shayi tare. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: jiki ya motsa, hannu na aiki, baki ya saki.

Mu a Madarunfa mun daɗe da wannan, ba tare da takardar likita ba. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Gabi, Safo ko Sarkin Yamma ya san fitar mata da sassafe zuwa dajin Baban Rafi, gatari a kafaɗa, igiya da gammo a hannu. Ana saran busasshiyar sabara da geza, ana tsinkar tafasa da yaɗiya, a ɗaura wa juna kaya. A wannan hanya ce yarinya ke faɗa wa gwaggonta abin da ba za ta iya faɗa a tsakar gida ba, a nan ake lura cewa wance kwana biyu ba ta fito ba, a biya a duba ta.

Akwai tarihin da muke neman mantawa. Shekaru da dama dokar da aka gada daga Faransa ta mayar da itace na gwamnati, manomi na ganin ma'aikacin gandun daji sai ya ɓuya. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace bazara suna da rai, kuma bayan yunwar 1984 manoma suka rungumi sassaben zamani: ka zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a kututture, ka rage sauran, ka bar shi ya miƙe. Ana yawan ambaton sakamakon, hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Abin da ba a ambata shi ne itacen mutum ɗaya ba ya tsira sai gari ya yarda. Shi ya sa a Ɗan Saga ta Agiye aka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa maza da mata, manoma da makiyaya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi. A 1992 kuma doka ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace na karkara, su sara bisa ƙa'ida, su sayar da kansu, wani kaso na haraji ya zauna a gari, kuma ƙauyukan Baban Rafi sun shiga wannan tsari. An yi kurakurai, an yi sara fiye da kima, an ci amanar wasu asusai, sau da yawa an bar Fulani a waje. Duk da haka taron ya tilasta wa mutane zama a inuwa ɗaya su saurari juna, kuma a ganina wannan riba ta kai ta kuɗin itacen.

Yau dajin Baban Rafi ya zama maɓoyar 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, masu kai da komo tsakaninsa da dazuzzukan Katsina da Zamfara. Mace ba ta yin nisa da gari. Daga 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sun shigo jihar, yawancinsu mata da yara, wasu sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. Ana ƙidaya shanun da aka kora da kuɗin fansa. Ba wanda ke ƙidaya matar da ta daina fita, ta daina magana, ta rame a ɗaki, har a ce iska ce ta taɓa ta.

Sojoji na aikinsu, Allah ya taimake su, amma magadan gari da ma'aikatan gandun daji da na asibiti me suke jira? Ba sai an kuɓutar da Baban Rafi gaba ɗaya ba. Ga gandun dajin Madarunfa a bakin tafki, kusa da kushewun waliyyai 99, ga gonaki na kusa da gari cike da kalgo da gawo masu neman gyara. A ware wa ƙungiyoyin mata fili su yi renon dashe, a sa baƙi 'yan gudun hijira a ciki tare da 'yan gari, a dawo da Fulani cikin kwamitoci da cikakkiyar murya. Malamin asibitin da mace ta zo masa da ciwon kai da rashin barci wata da watanni, bayan ya ba ta magani, ya kamata ya san ranar da ƙungiyar unguwarsu ke fita, ya haɗa ta da shugabar.